Yadda Za Ka Faɗi Abin da Ke Ranka Ba Tare da Ka Yanke Zumunci Ba

Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta jinya, ni nake tura kuɗin magani duk ƙarshen wata, yayanmu kuma shi ke tare da ita a gida. Wata rana da daddare ya saka saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi, ya ce an bar masa jinya shi kaɗai, kowa ya kama gabansa. Sau uku na saurari saƙon. Washegari ya kira ni a kan wata magana daban, ya ji muryata ta sauya, ya ce, "Lafiya dai?" Na ce, "Ba komai, Yaya." Wannan "ba komai" ta ci mana wata huɗu muna gaisuwar sama-sama, kowa na ɗauke da abinsa a ciki, ita kuma Hajiya tana kwance tana kallonmu, ta gane amma ba ta da ƙarfin yin magana.

An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara da haƙuri, kuma ba na ganin akwai abin da ya fi su riƙe gida. Sai dai da yawanmu mun ɗauki haɗiye magana a matsayin haƙuri. Abin da aka haɗiye kuwa ba ya narkewa. Yakan fito ta habaici, ta gaba, ta janye hannu daga taimako, ko kuma wata rana ya fashe a wurin suna ko zaman makoki, a gaban mutanen da bai kamata su ji ba. Abin da zan shimfiɗa a nan hanya ce ta gane abin da ke ranka, ka kira shi da sunansa, sannan ka kai shi ga wanda ya shafa ta ƙofofin da ladabinmu ya riga ya tanada. Zan riƙa komawa ga labarin yayana, domin a kansa na koyi yawancin abin.

Mataki na farko: kada ka amsa jikinka na rawa

Jiki yakan riga hankali sanin an ɓata maka. Wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi, wani maƙogwaronsa ke bushewa, wani hannunsa ke karkarwa, wata kuma sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa gano haɗari. Ba ya bambanta kare mai cizo da magana mai cizo. Da ya ji barazana sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, sashen da ke auna magana ya yi rauni. Abin da Bahaushe ke cewa "idonsa ya rufe" ke nan. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka da ya shafe shekaru yana nazarin saɓanin ma'aurata, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauko.

Don haka ka fara sanin alamarka. Da ka ji ta, ka daina magana. In waya ce a hannunka, ajiye ta. Saƙon murya da aka tura cikin zafi, kafin ka goge an riga an saurara, wani ma ya tura gaba. Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, kuma ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. Ya kuma hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. In an hana alƙali da iliminsa, mu ma bai kamata mu yanke hukunci a kan ɗan'uwa a wannan hali ba.

In ana jiran amsarka, nemi uzuri kuma ka sa lokaci: "Yaya, bari in yi sallar Isha, zan kira ka." Sa lokacin yana da muhimmanci. Wanda ya tashi ya fita bai ce komai ba, ya bar ɗayan da jin an wulaƙanta shi. A cikin minti 20 ɗin nan kuma kada ka zauna kana tsara martani a zuci, domin itace kake ƙara wa wutar. Yi alwala, sha ruwa, zaga unguwa, ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja.

Mataki na biyu: kira abin da sunansa

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Duk abin da ya taɓa mu sai mu ce "raina ya ɓaci", alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Haushi daban, takaici daban. Haushi kan zo ne idan wani ya yi maka abin da bai dace ba. Takaici kuwa shi ne ka ga abu ya lalace ba ka da yadda za ka yi. Akwai baƙin ciki, akwai fargaba, akwai jin nauyi, akwai jin an raina ka, akwai kishi, akwai ƙyashi, akwai kewa, akwai jin ka gaza. Kowanne da maganinsa. Wanda fargaba ke damunsa tabbaci yake nema. Wanda ya ji an raina shi so yake a nuna an san darajarsa. Mai ƙyashi kuwa babu abin da ɗayan zai yi masa, aikin tsakaninsa da zuciyarsa ne da Ubangijinsa.

A shekarar 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a wata jami'a da ke Los Angeles sun duba ƙwaƙwalwar mutane da na'ura suna nuna musu hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro. Suka ga idan mutum ya sanya wa yanayin suna, motsin amigdala yana raguwa. Wato faɗin sunan abin kaɗai yana rage masa kaifi.

Da na zauna na tambayi kaina a kan saƙon yayana, amsar farko ita ce fushi. Na sake tambaya: fushin me? Na an haɗa ni da waɗanda ba sa ba da komai, a gaban ƙannena da matanmu. Wannan jin an ci fuska ne. Na sake tonawa, sai na tarar da wani abu a ƙasa wanda ban so in gani ba: ina jin nauyin cewa ba na kusa da Hajiya, kuma maganarsa ta fama mini wannan mikin. Sau da yawa maganar da ta fi ƙona mu ita ce mai ɗan ƙamshin gaskiya.

Ka yi wa kanka tambayar sau uku kamar haka, kada ka tsaya a amsar farko. Sannan ka duba jikinka da aljihunka. Ka ci abinci? Ka yi barci jiya, ko zafin Afrilu da rashin wuta sun hana ka runtsawa? La'asar ce ta azumi? An matsa maka a kan kuɗin haya ko na makaranta? Magidanta da yawa suna shigowa gida da ɓacin ran kasuwa su sauke a kan iyali, a huce haushin kaza a kan dami. In ka gane damuwarka daga waje ka ɗebo ta, faɗa tun daga ƙofa: "Yau na sha wahala a kasuwa, a ba ni ɗan lokaci in huta." Wannan jimla ɗaya tana kare gida daga rigimar dare.

Wannan sanin kai ba ya samuwa ranar rigima, sai an saba da shi a ranakun lafiya. Samu ɗan littafi ka ajiye kusa da shimfiɗa. Kafin barci rubuta layi uku: me ya faru yau da ya taɓa ni, me na ji, me na yi. Malamai suna kiran irin wannan muhasaba. Bayan mako biyu ko uku za ka fara ganin zanen halinka: wataƙila duk sanda aka katse ka kana magana ne kake hawa, ko duk sanda aka kwatanta ka da wani. Wanda ba ya rubutu zai iya yi a zuci bayan sallar Isha, amma rubutun ya fi, domin zuciya tana gyara labari ta ba kanta gaskiya.

Mataki na uku: raba abin da ya faru da fassarar da ka yi masa

Abin da yayana ya faɗa shi ne an bar masa jinya. Abin da na ji shi ne "ƙanena ba ya tsinana komai". Bai ambaci sunana ba, bai ambaci kuɗi ba. Ni na cike gurbin. Ka rubuta ainihin kalmomin da aka furta ko aikin da aka yi, yadda wanda ba ruwansa zai ba da shaida, sai ka ware abin da ka ɗora a kai. Suratul Hujurat ta yi mana gargaɗi biyu a kan wannan: aya ta 6 ta ce a bincika labari kafin a ɗauki mataki, aya ta 12 ta ce a nisanci yawan zato. In maganar ta hannun wani ta zo maka, irin "an ce ka ce", to kada ka gaskata ta har sai ka ji daga bakin mai ita. Mai kawo maka maganar wani, shi zai kai taka.

Mataki na huɗu: a bari ko a faɗa?

Ba kowace magana ce ta cancanci zama ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma wanda zai tsaya a kan kowane tuntuɓe ba zai zauna da kowa ba. Ga ma'aunin da nake amfani da shi. In bayan kwana biyu ko uku ka gaisa da mutumin da sakin fuska, ka yi masa addu'a ba ka ji ɗaci ba, to ka yafe da gaske, bar maganar. In kuwa har yanzu kana maimaita amsar da ya kamata ka ba shi, kana kauce wa hanyarsa, kana ganin kiransa kana ƙin ɗauka, ko ka fara ba wasu labari, to ba ka haƙura ba, ajiya ka yi. Hadisi ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ni ina ɗaukar kwana ukun nan a matsayin wa'adin da aka ba zuciya ta huce kafin a tashi a yi abin da ya dace.

Mataki na biyar: wuri, lokaci, da bakin da zai faɗa

Magana mai kyau a mugun wuri ta lalace. Kada ka yi ta a zauren WhatsApp, kada ka yi ta a gaban matarsa ko 'ya'yansa ko yaran shagonsa. Mutumin da ake kallo mutuncinsa yake karewa, ba ya jin abin da kake faɗa. In da hali ka taka da ƙafarka. Rubutu ba shi da murya, mai karantawa ne ke sa masa muryar da ya ga dama. Kada ka tare shi yana shigowa da yunwa ko yana gaggawar fita. Ka gaisa cikakkiyar gaisuwa, ka tambayi iyali da aiki, sannan ka nemi izini: "Yaya, akwai 'yar maganar da nake so mu yi, ko yanzu ya yi maka?"

Akwai kuma waɗanda al'ada ba ta ba ka damar fuskantarsu kai tsaye ba: mahaifi, suruki, uwar miji, malaminka. Wasu matasa na ganin wannan danniya ce. Ni ina ganin waɗanda suka gina wannan al'ada sun bar ƙofofi a jikinta, mu ne muka daina bi. Akwai gwaggo, wadda take iya faɗa wa mahaifinka abin da kai ba za ka iya ba, domin ɗan'uwanta ne. Akwai kawu, akwai aminin uba, akwai kaka wadda wasan jika ya ba ka damar faɗa mata komai. Akwai taubashi, wanda zai saka gaskiya cikin raha ta wuce ba a ji zafi ba. Amarya da ke da damuwa da uwar mijinta takan fi samun biyan buƙata ta hannun wata dattijuwa da uwar mijin ke jin nauyinta, fiye da ta sa miji a tsakiya ya rasa inda zai sa kansa. Sharaɗin ɗan aike shi ne ya zama mai riƙe sirri, wanda ɓangarorin biyu ke ganin girmansa, kuma ka gaya masa ainihin abin da kake so a cim ma, kada ya tafi da ƙorafi kawai.

Mataki na shida: yadda za ka jera kalmomin

Gottman ya gano cewa mintuna ukun farko na irin wannan zance sukan nuna yadda zai ƙare. In an fara da zafi, da wuya a ƙare da sanyi. Allah da ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, a Suratu Ɗaha aya ta 44, cewa ya yi su yi masa magana mai laushi. Ɗan'uwanka bai kai Fir'auna ba.

Fara da abin da ka san na alheri ne a tare da shi, kuma ya zama gaskiya, ban da daɗin baki. Sannan ka faɗi abin da ya faru, abin da ka ji, da abin da kake roƙo. Ga abin da na ce wa yayana bayan wata huɗun nan: "Yaya, na san kai kake ɗauke da nauyin Hajiya dare da rana, Allah Ya saka maka. Saƙon da ka saka a zaure ranar nan, da na ji shi na ji kamar ɗan abin da nake turowa ba a gan shi ba, kuma na ji kunya a gaban yara. Na ce maka ba komai, alhali akwai. Ina roƙon in akwai inda na gaza ka kira ni ka faɗa mini."

Akwai kalmomin da za ka tsare bakinka daga gare su. "Kullum haka kake" da "ba ka taɓa" suna sa mutum ya tafi neman ranar da ya taɓa, maganar ta bar hanya. "Halinka ne" hukunci ne a kan mutum ɗungurungum, ba ya barin wurin gyara. Gori, ko da abin da ka yi gaskiya ne, yana ƙona alherin da mai jin. Tone-tonen abin da ya wuce shekara biyar yana mai da zama ɗaya kotu. Magana ɗaya ka zo da ita, tsaya a kanta. Kuma kada ka sa iyaye ko asalin mutum a ciki, wannan tabo ne da ban haƙuri ba ya gogewa, magana zarar bunu ce.

Habaici kuma, musamman irin na zamani da ake ɗorawa a sitatus, ina roƙon a bar shi. Wanda aka yi dominsa zai gane ya ƙullace, ba shi da damar ba da amsa tunda ba a kira sunansa ba, wasu mutum biyar da ba ruwansu kuma kowa zai ɗauka da shi ake.

Mataki na bakwai: yi shiru ka ji nasa

In ka gama, rufe baki. Zai yiwu ya fara da kare kansa, ko ya ɗaga murya. Bar shi ya kai aya. A wurinmu ba a ƙura wa babba ido, don haka sauraronka zai bayyana ne ta "na'am", "haka ne", da ajiye waya a aljihu. Kafin ka ba da amsa, mayar masa da abin da ka fahimta: "Wato Yaya, abin da ya fi damunka kwanan asibiti ne, ba kuɗi ba?" In ka yi kuskure zai gyara maka, in ka dace zai ji an ji shi, kuma za ka ga kafaɗunsa sun sauka.

Abin da yayana ya faɗa mini ke nan. Ya ce mako uku ya yi bai yi barcin kirki ba, shi ke juya ta, shi ke bin layin karɓar magani, shagonsa a rufe, abokan cinikinsa sun koma wani wuri. Ya ce daren da ya yi saƙon, likita ya gaya masa wata magana da ta tsorata shi, ya duba bai ga kowa kusa da zai faɗa wa ba. Tsoro ne ya fito da rigar faɗa. Wata huɗu ina jinyar ciwon raini, shi kuma ko tunanin kuɗina bai yi ba.

Mataki na takwas: ban haƙuri

"In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" rabin ban haƙuri ne, domin "in" ɗin nan ta mayar da laifin kan mai jin zafi. Ambaci abin: "Na yi kuskure da na yi shiru na janye jiki, ka yafe mini." Kada kuma a yi amfani da "yi haƙuri" a toshe bakin wanda aka zalunta kafin a ji ta bakinsa, kamar yadda ake yawan yi wa mata da ƙananan gida a zaman sulhu. A fara ji, a faɗa wa mai laifi laifinsa, sannan a ba da haƙuri.

In babba ne ya yi maka laifi, kada ka kafe sai ya furta kalmar. Dattawanmu da yawa da aiki suke ba da haƙuri: ya aiko maka da abinci, ya kira ka ya nemi shawararka, ya sa maka albarka a gaban mutane. Ka gane, ka karɓa.

In abin ya fi ƙarfin ku biyu

Wani lokaci za ka bi duk wannan a ƙi sauraronka. Sai a nemi na uku. A saɓanin aure Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A unguwa akwai liman da mai unguwa, a Kano kuma hukumar Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, tana zaman sasanta ma'aurata da 'yan'uwa. In akwai duka ko barazana, wannan ya wuce gyaran lafazi, kada a zauna da mutumin a keɓe, a sanar da manya da hukuma. In kuma ka ga fushinka ko baƙin cikinka ya ɗauki makonni, ya hana ka barci da ci da aiki, ka ga likita. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma zuwa can bai sa mutum ya zama mahaukaci ba.

Yara ma a fara musu tun suna ƙanana. In yaro yana kuka, kafin a ce "yi mana shiru" ko "namiji ba ya kuka", a durƙusa a tambaye shi: "Haushi ka ji da aka karɓe maka, ko tsoro ka ji?" Yaron da aka ba kalmar ba ya buƙatar jifa ko cizo don a gane shi.

Ni da yayana, a daren da muka zauna muka fahimci juna, muka ɗauko takarda muka raba kwanakin. Na karɓi Juma'a da Asabar na kowane mako biyu, ina baro wurin aiki in kwana wurin Hajiya, ƙanwarmu ta karɓi Talata da Laraba, shi kuma ya buɗe shagonsa. Muka kuma yi alkawari duk abin da likita ya faɗa, zai kira ni kafin ya rubuta a zaure.